Kyamarar Gwanaye Ko Ta Mai Koyo?

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano da kaka, ya iso Dawanau, ba ya bukatar a gaya masa cewa kuɗi sun shigo hannun jama'a. Tun da aka kafa kasuwar hatsin nan a cikin 1985 ta ke bunƙasa, har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin abinci na Afirka ta Yamma. Manyan motoci suna sauke gero da dawa da masara da wake, waɗansu suna lodin riɗi da zoɓorodo da citta zuwa bakin teku. Manomin ƙauyukan ƙasar Dawakin Tofa ya sayar da amfaninsa, dillali ya sami la'adarsa, malamin makaranta da akawun ofis su ma sun ɗan taɓa, tun da shi ke da wuya ka ga ma'aikaci a wannan yanki wanda ba shi da 'yar gona a bayan gari. To, a irin wannan lokaci ne samari da ma'aikata masu sha'awar ɗaukar hoto su ke shiga shawara: wace kyamara za a saya, babbar nan ta gwanaye, ko kuwa ƙaramar da aka yi domin mai koyo?

Mu dai a ganinmu, mutum tara cikin goma na masu wannan tambaya ƙaramar ce ta dace da su, sa'an nan su kashe ragowar kuɗin a kan gilashi da fitila da batir. Na goman kuwa, wanda ya riga ya zama mai hoto sosai, mutane suna ba shi amanar ranar da ba ta maimaituwa, shi yana da hujjar neman babba, amma da sharaɗin sana'ar ce za ta biya kuɗinta, kada gonar gado ta biya. Za mu kawo dalilanmu, mai karatu ya auna da kansa.

Da fari, ya kamata a san abin da a ke nufi da kyamara marar madubi. Irin kyamarar da masu hoto suka saba da ita shekara da shekaru tana da wani ɗan madubi a cikinta, shi ke karkatar da haske zuwa idon mai ɗauka, in an danna sai ya ɗaga sama da ƙara, hasken ya wuce ya faɗa a kan fim, ko a kan ɗan farantin nan mai kama haske wanda ya gaji fim, wanda masu sana'a su ke kira sensa. A cikin 2008 kamfanin Panasonic na Japan ya fito da wata mai suna Lumix G1, wadda aka cire mata madubin ɗungum, haske yana faɗawa kan farantin kai tsaye, mai ɗauka kuwa yana kallon hoton a wani ɗan allo tun kafin ya danna. Sony ya biyo da mai babban faranti a cikin 2013, Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a cikin 2018. Yanzu kusan duk sabuwar kyamara da waɗannan kamfanoni su ke fitarwa marar madubi ce. Saboda haka wanda zai sayi sabuwa a yau, babba ko ƙarama, wannan iri zai tarar.

Bari mu ɗauki kayan Canon mu yi misali da su, domin sunan ya fi zama sananne a wurin masu hotonmu. Ba talla mu ke yi musu ba, abin da za mu faɗa ya shafi sauran duka. Ƙaramarsu mai suna EOS R50 ta fito a cikin 2023, an sa mata dala 799 a Amurka tare da gilashinta. Babbarsu mai suna EOS R5 Mark II ta fito a cikin 2024 a kan dala 4,299, gangar jiki kawai, ba gilashi. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta da kanta a watan Yuni na 2023, darajarta ta yi ta faɗuwa, har a cikin 2024 dala ɗaya ta wuce Naira 1,500. In muka yi lissafi a kan haka, ƙaramar ta tashi wajen Naira miliyan 1.2, babbar kuwa ta doshi miliyan 6.5. Gwamnatin Jihar Kano ta yanke mafi ƙarancin albashi Naira 71,000 a wata a cikin 2024. Ashe ke nan mai wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya yi wata 17 kafin ya mallaki ƙaramar, babbar kuwa sai ya yi shekara bakwai da rabi, kuma a ranar da ya kawo ta gida ba za ta ɗauki ko hoton ƙofar zaure ba, sai ya sake neman kuɗin gilashi. Ku akawuna kun fi mu sanin lissafi, ku sake bugawa ku gani in mun yi ƙari.

To, mene ne a ke samu a cikin wannan rata mai nisa? Abin da mai kanti zai fara yi maka kirari da shi shi ne yawan ɗigo. Kowane hoto na zamani ɗige-ɗige ne ƙanana aka jera, ƙaramar tana da wajen miliyan 24, babbar tana da miliyan 45. Da jin haka sai mutum ya ce ai hoton babbar ya ninka na ƙaramar kyau. Amma a tsaya a duba inda hoton zai ƙare. Hoto mai inci 5 da inci 7, irin wanda a ke wanke wa mutane a wurin biki, ɗigo miliyan 3 da 'yan kai sun ishe shi ya fita tas. Ɗigo miliyan 24 suna isa a wanke hoto mai inci 20 da inci 13, wanda ya fi yawancin waɗanda a ke ratayawa a ɗakin amarya girma. Mafi yawan hotunanmu ma ba sa ganin takarda, ta WhatsApp a ke aika su, shi kuwa matse su ya ke yi ya zubar da mafi yawan ɗigon kafin su isa wayar mai karɓa. Har wa yau, Canon yana da wata ta gwanaye, EOS R6 Mark II ta 2022, wadda aka sa wa dala 2,499, ita ma ɗigonta miliyan 24 ne, daidai da na ƙaramar. Da yawan ɗigo ne gwaninta, da ba su yi haka ba.

Bambanci na gaskiya yana wurin girman farantin. Na babbar milimita 36 ne da milimita 24, watau girman fim ɗin da, na ƙaramar kuwa wajen milimita 22 ne da 15. Faɗin na farko ya ninka na biyu sau biyu da rabi, yana kuwa tara haske gwargwadon haka, kamar yadda babban baho ya fi ƙaramin kwano tarar ruwan sama. Da rana tsaka a filin makaranta ba mai iya rarrabe hotunansu. Da dare ne, ko a cikin ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga, hoton ƙaramar ya kan fito da yashi-yashi. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma ga abin da mai kanti ba ya son ka sani. Gilashin da a ke haɗa wa ƙaramar a cikin kwali ƙofarsa ƙanƙanuwa ce, in an jawo abu kusa lambarsa ta kan kai 6.3. Akwai wani gilashi na milimita 50, mai lamba 1.8, wanda kamfanin ya fitar a cikin 2020 a kan dala 199. A wannan lissafi, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, hasken da ya ke shiga ta 1.8 kuwa ya ninka na 6.3 sau goma sha biyu. Ka ga ke nan dala 200 sun sayo maka haske ninki goma sha biyu, alhali dala 3,500 na ƙari sun sayo maka ninki biyu da rabi. Wanda ya fahimci wannan magana ɗaya ya tsira da dukiyarsa.

Sa'an nan ga fitila. Filasha mai kyau wadda a ke karkata kanta ta bugi rufin ɗaki, hasken ya sauko a hankali a kan fuska, ta fi kowace irin gangar kyamara gyara hoton mutum. Baƙar fata musamman tana son mai hoto wanda ya san inda zai tsai da mutum da inda haske zai fito masa. Mun sha ganin hoton ango cikin farar shadda wanda aka ɗauka da kyamara mai tsada, rigar ta fito fes, fuskar kuwa ta nutse, sai haƙora. Wannan ba laifin na'ura ba ne.

Yanzu kuma mu ba masu son babbar haƙƙinsu, gama suna da magana mai nauyi, kuma ƙasarmu ce ta ba su ita. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kyamara marar madubi. A tsohuwar, madubi yana tsaye a gaban farantin kamar labule. A sabuwar, da ka cire gilashi za ka sa wani, ga farantin nan a fili yana kallonka. Wanda ya san Dawanau da hunturu, ga hazo daga arewa, ga ƙurar manyan motoci, ga ƙaiƙayin da a ke sheƙewa da dusar injin niƙa, ya san abin da zai faru. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta zauna a kan farantin, za ta fito baƙin tabo a kowane hoto har ranar da aka goge. Manyan kyamarori an toshe musu kafofin jiki da roba domin ƙura da yayyafi, waɗansunsu kuma suna rufe farantin da kansu in an kashe su. Ƙaramar ba ta da wannan kariya. Amma maganin abin a hannun mai ita ya ke: ya zaɓi gilashi ɗaya tun daga gida ya bar shi a kai, in ya zama dole ya canja ya shiga ɗaki ya kifa bakinta ƙasa, ya riƙe 'yar robar hura iska a jaka, kada ya kuskura ya hura da baki ko ya goge da bakin riga. Game da zafi kuwa, babu wadda ta tsira. Kamfanin ya rubuta cewa an yi su su yi aiki daga sifiri zuwa digiri 40, bazarar Kano kuwa ta kan haye haka a watan Afrilu. Ita kanta babbar EOS R5 ta farko, da ta fito a cikin 2020, an yi ta kuka da ita a ƙasashen Turai masu sanyi a kan tana zafi ta tsaya in an daɗe ana ɗaukar bidiyo mai nauyi. Tsada ba ta hana a nemi inuwa.

Hujjar da mu ke ganin ta fi duka ƙarfi ita ce ta kati biyu. Hotuna suna taruwa ne a wani ɗan kati da a ke zurawa a jikin kyamara. Ƙaramar ramin kati ɗaya gare ta, babbar tana da biyu, tana rubuta kowane hoto a kansu duka a lokaci guda. Kati kuwa ya kan mutu ba sallama, balle da shi ke na jabu sun cika kasuwa. In kana ɗaukar hoton buhun masara ne, kati ya lalace, sai ka koma gobe ka sake. Amma ɗaurin aure, da suna, da walimar saukar Alƙur'ani, da ranar da aka naɗa wa mutum rawani, ba a sake su domin mai hoto. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan irin wannan rana ya ɗauki amana, in ya dawo ya ce kati ya ci hotuna, sunansa ya ɓaci daga Dawanau har Bichi kafin sati ya zagayo. Irin wannan mutum mun yarda ya nemi mai kati biyu. Batirinta ma ya fi daɗewa, kuma tana da abin da ke tsai da hoto in hannu ya yi rawa, wanda ƙaramar ba ta da shi a jikinta.

Ko shi ma ba lalle ne ya yi tsalle zuwa ƙololuwa ba. Akwai na tsakiya. Nikon Z5 ta 2020 babban faranti gare ta da kati biyu, an sa mata dala 1,399. Canon EOS R7 ta 2022 ƙaramin faranti gare ta, amma tana da kati biyu da kariyar ƙura, a kan dala 1,499. Ga mai son hawan Sallah ma ƙaramin farantin riba ne, domin yana jawo abu kusa: gilashin milimita 200 a kanta yana aiki kamar na 320 a kan babba. Tun da hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, masu neman hoton dawaki da 'yan lifidi ba za su ragu ba, mai hoton kuwa ba kullum a ke barinsa ya matsa kusa da jafi ba.

Akwai wata magana da samari su ke yi wadda ba mu raina ba. Sun ce mutanenmu da ido su ke ciniki, in ka zo wurin biki da 'yar ƙaramar kyamara mai nauyin giram 375, uwar amarya za ta dube ka ta ce wannan da waya duk ɗaya, sai a kira wancan mai rataye da abu kamar turmi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma wannan ruɗi na rana ɗaya ne. Da hotuna sun fito, aka baza su a tabarma, mata suka kewaye, ba mai sake tambayar girman abin da aka ɗauka da shi. Seydou Keïta na Bamako, wanda a yau a ke rataye hotunansa a manyan gidajen tarihi na Faransa da Amurka, da akwatin Kodak Brownie ya fara, wanda kawunsa ya ba shi a cikin 1935, irin wanda a ke saya wa yara. Sai a cikin 1948 ya buɗe shagonsa, ya riƙa aiki da babbar kyamara, a tsakar gida, da hasken rana da zanen gado a bayan mutum. Shekara goma sha uku ke nan yana koyon ido kafin kayan aiki su girma. A nan gida ma, sana'ar fim ɗin Hausa da ta ke ciyar da dubban mutane a Kano, da kyamarar bidiyo ta kaset aka fara ta, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi Turmin Danya a cikin 1990. Da sun ce sai sun sami irin ta Indiya, da har yau ana jira.

Abin da ya ke ba mu tsoro shi ne inda kuɗin su ke fitowa. Ƙasar nan ta kewayen Kano cike ta ke da mutane, gona a jikin gona, kowace an gaje ta kaka da kakanni, ana zuba mata taki ana noma ta kowace shekara ba hutu. Birni kuma yana matsowa, masu awon fili suna yawo da kuɗi a hannu. Saurayi ya matsa wa mahaifinsa a yanki gefen gona a sayar a saya masa kyamarar miliyan shida, wai zai mayar cikin shekara guda. Gona tana ƙara daraja kowace damina, kyamara kuwa tana raguwa tun daga ranar da aka yage kwalinta, in an jima kaɗan kamfani ya fito da ƙanwarta, a ce taka ta tsufa. Tsakanin R5 ta farko da ta biyu shekara huɗu ce kacal. In ta faɗi daga kan babur kuwa, ko wani ɗan abu ya ƙone a cikinta, gyaran irin waɗannan ba na kowane mai gyaran rediyo ba ne, wani lokaci sai an aika Ikko, kayan gyaran kuma da dala a ke sayo su. Hausawa sun ce tsalle ɗaya a ke yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba.

'Yan kasuwar Dawanau masu aika samfurin kaya ga masu saye a ƙetare, riɗi zuwa Japan da Sin da Turkiyya, zoɓorodo zuwa Meziko, su bukatarsu ta fi ta kowa sauƙi. Abin da mai saye ya ke so ya gani shi ne ainihin launin kaya da tsabtarsa, farin riɗi ya fito fari, jan zoɓo ya fito da duhunsa, a ga ko akwai tsakuwa. A shimfiɗa farar takarda a inuwar rumfa da hantsi, a zuba samfuri, a ajiye ma'auni a gefe. Ƙaramar kyamara ta yi wannan har ta yi saura, wayar kirki ma ta kan yi.

Sai ku malaman makaranta da ma'aikatan ofis, waɗanda a kan ba ku kuɗin jama'a a ce ku sayo. A nan ne ya kamata a fi tsananta lissafi. Aikin makaranta sananne ne: hoton fasfo na ɗalibai domin rajistar jarrabawar WAEC da NECO, ranar ba da kyaututtuka, wasannin motsa jiki, hoton ajin da rufinsa ya yaye domin a haɗa da takardar neman gyara. Aikin ofis ma haka, hoton rijiya ko kwalbati kafin aiki da bayansa. Duk da rana a ke yinsu, duk kuma ana iya sakewa. Babbar kyamara a irin wannan wuri makomarta ɗaya ce: tsadarta za ta sa shugaba ya ji tsoron ba kowa, a kulle ta a kabad, batir ya mutu, a koma ɗauka da wayar masinja. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ma'aji ba ya fid da kuɗi daga Baitulmali sai da takarda mai nuna dalili. Muna roƙon duk wanda aka kawo wa takardar sayen kyamara ya sa hannu, ya tambayi abu uku kafin ya ɗauki alƙalami: wane hoto za a ɗauka, wa zai riƙe ta, kuma an koya masa? Kuɗin babba ɗaya za su sayi ƙanana biyu da gilashinsu, da kwamfutar ajiye hotuna, da farantin sola na cajin batir, tun da shi ke wutar lantarki a ƙauyukanmu baƙuwa ce, a kuma sami ragowar da za a biya wani gwani ya koya wa malamai biyu da 'yan aji shida.

Wanda kuɗinsa bai kai sabuwa ba, ya nufi ta hannu, babu aibi, amma ya tafi da wanda ya sani, gama araha ba ta ado. A sa a duba masa sau nawa aka danna ta tun da aka yi ta, domin kyamara tana riƙe da wannan ƙidaya kamar yadda mota ta ke riƙe da milinta. A ɗauki hoton farin bango a duba ko akwai tabo. A haska tocila a cikin gilashi a ga ko ya yi fumfuna. A kuma yi hattara da waɗanda sunansu ya fara da EOS M: kyamarori ne masu kyau, za a same su da sauƙin kuɗi, amma kamfanin ya daina yin wannan jeri tun 2023, gilashinsu kuwa ba ya hawa kan sababbin. Wanda ya ke da tsofaffin gilasan Canon na zamanin madubi kada ya yi gaggawar rabuwa da su, akwai ɗan zobe da a ke sayarwa wanda ya ke haɗa su da sababbin kyamarori, su yi aiki sumul. Kowace iri mutum ya saya, ya haɗa da batir biyu na ƙari da kati biyu daga kantin da ya amince da shi, ya kuma kwashe hotunan kowace rana zuwa wani wuri dabam kafin ya kwanta.